Kwamanda da Tsohon Mashigi

Tun ranar Asabar ɗin da Malama ta gaya musu cewa abin da ke gabansu ya fi ƙarfinsu, Kwamanda ya ƙudurta a ransa cewa shi zai kashe abin, kuma a gaban jama'a zai kashe shi.

Kwamanda mai gyaran fanka ne da firji. Shagonsa na jikin na Tela, a jerin shagunan da ke ƙasan wani dogon gidan haya. Ba wanda ya raɗa masa wannan suna, shi ya ba kansa, ya rubuta da jan fenti a saman ƙofa har mutane suka gaji suka bi. Aikinsa kuwa ba wanda bai san shi ba a layin. Fankar da ya gyara wa matar mai gidan, maimakon ta hura iska sai ta koma zuƙa, har ta tsotse labulen taga. Da aka kawo ƙara ya ce sabon salo ne, zafin ɗakin take janyewa.

Abin da zai kashe ɗin kuwa a cikin wani wasa yake, wasan da Malama ta zo da shi daga jami'a. Ita ƙanwar matar Kwamanda ce, lissafi take koyarwa a sakandare. Kowace Asabar bayan abincin rana sai Tela ya share babban teburinsa na yanka, ya ture almakashi da alli gefe, a shimfiɗa taswirar da Malama ta zana a bayan tsohuwar kalanda. Kowane ɗan wasa yana da jaruminsa a rubuce a takarda, da ƙarfinsa da makamansa da yawan dukan da zai iya ɗauka kafin ya faɗi. Malama ke riƙe da labarin. Ita ke faɗin abin da suka tarar a hanya, ita ce bakin 'yan fashi da fatake da dodanni. Su kuma kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sannan ya jefa ƙwaya mai fuska ashirin, 'yar'uwar ta ludo ce amma ta fi ta kusurwoyi. Idan babbar lamba ta fito, abu ya yi kyau. Idan ashirin ce, har tafi ake yi. Idan ɗaya ce, sai dai a yi wa mutum jaje. Jarumin da ya mutu kuwa ya mutu ke nan, a gaban mai shi Malama ke yaga takardar.

Su uku ne 'yan wasan. Tela yana da ɓarawo mai sanɗa, mai wani mayafi da ke ɓatar da shi daga ido. Nas, wadda ke aiki a ƙaramin asibitin da ke ƙarshen layi, tana da maharbiya mai sulken azurfa. Kwamanda kuma yana da wani ƙato mai gatari da ya sa wa suna Fasa-Dutse. Wata goma sha huɗu suna rainon jaruman nan, har Tela ya ɗinka wa takardar jaruminsa jakar leda mai zif.

A ranar da ake magana, jaruman sun iso gindin wani mashigin dutse. Malama ta ajiye biro ta cire tabarau, abin da ba ta yi sai magana ta yi nauyi.

"Ku saurare ni da kyau, yanzu ba labari nake ba ku ba, ni ce nake magana da ku," in ji ta. "Mai tsaron wurin nan, Tsohon Mashigi, ban yi shi don ku yaƙe shi ba. Tsayinsa ya kai gidan nan har da tankin ruwan da ke sama. Duka ɗaya zai yi wa kowannenku in yaga takarda. Kuna iya zagayewa ta kwari, kuna iya ɓuya har ya wuce, kuna iya roƙonsa. Wanda ya zare makami, kada ya zo ya ce ban faɗa ba."

Tela ya jawo jakar ledarsa kusa. Nas ta fara auna hanyar kwari da ɗan yatsa. Kwamanda ya jingina da kujera yana murmushi. A fahimtarsa, duk abin da aka tsaya ana yi maka dogon gargaɗi a kansa, dukiya ce aka ɓoye a bayansa. Bayan haka kuma, yarinyar da ke cin abinci a gidansa duk Lahadi ba za ta iya ɗaga hannu ta yaga takardar mijin yayarta ba.

Ana cikin tattara kaya wayar Malama ta yi ƙara ta fita waje. Nas ta bi ta don ta kama aikin yamma, Tela kuma wani ya zo karɓar wando. Littafin Malama mai baƙin bango, wanda duk asirin wasan ke ciki, yana nan a kan tebur ba mai tsaro. Kwamanda ya buɗe shi ta baya, don ya san mai wayo a ƙarshe yake ɓoye abu. Ga abin da ya gani da rubutunta:

"Tsoho, abubuwan kiyayewa. Gwiwar hagu ta kumbura, ba ya iya hawa tudu. Gishiri dafi ne a gare shi. Da ya ƙoshi sai barci. Kunnen dama ba ya ji. Haƙoran sama ba nasa ba ne, kada kowa ya sani. Yana mutuwar tsoron allura."

A ƙasa an rubuta sau uku a rana. Wannan ya ɗan ɗaure masa kai, amma ya yanke cewa yawan sintirin da dodon ke yi ke nan. Ya kwafe komai a bayan kwalin fanka, ya mayar da littafin yadda yake, ya koma kujera yana fito.

Ranar Litinin ya fara da Tela. Ya zauna masa a kan tarin yadi ya ce shi ya yi nazarin dodanni tun Tela bai iya zura zare a allura ba, kuma ya gano lagon wannan. Tela ya ce shi dai kwari yake so, ɓarawonsa ko mura bai taɓa yi ba. Kwamanda ya tambaye shi ko haka yake so a riƙa ba da labarinsa a layi, tela mai bin kwari. Sai da ya hana shi ɗinka hannun riga ɗaya har azahar, sannan Tela ya ce ya yarda don a bar shi ya yi aiki.

Nas ta fi wuya. Da ya karanta mata abin da ke bayan kwalin, sai ta ce ita wannan bai yi mata kama da dodo ba, ya fi kama da mutanen da ke layin ganin likita da safe. Kwamanda ya ce ai dodanni ma tsufa suke yi, kuma abin da ya bambanta kwamanda da sauran mutane ke nan, shi yana ganin abin da ba sa gani. Nas ta ce za ta bi, amma maharbiyarta daga nesa za ta tsaya.

Saura ƙwaya. Kwamanda ya yarda da dabararsa, amma bai yarda da sa'a ba, don sau da yawa takan ci masa mutunci. Ya rufe shago da rana tsaka, ya ɗauki tasa ƙwayar ya danne ta a bakin matsi, ya huda ta da ƙaramin abin huji. Ya ciro ɗan ƙwallon ƙarfe daga cikin wata matacciyar fanka ya cusa a ramin, ya toshe da gam, ya shafe wurin da jan farcen matarsa, ya sake zana lambar da tsinke. A fuskar ashirin ya yi hujin, tunda ita yake so ta fi kowace lamba ƙarfi, kuma a saninsa ƙarfi a nauyi yake. Bai gwada ta ba. Shi bai taɓa gwada abin da ya gyara ba, gwaji na masu shakkar hannunsu ne.

Daga nan sai gayya. Nasara irin wannan ba a yin ta a cikin shago mutum huɗu, don haka ya bi gidan ɗaki ɗaki. Ya gayyaci mai aski da mai wankin mota, ya gayyaci matar mai gidan duk da maganar labule, ya gaya wa masu shagon kati cewa ranar Asabar za su ga abin da za su ba jikokinsu labari. Wasu sun ɗauka dambe za a yi, bai gyara musu ba.

Amma duk wannan taron saboda mutum ɗaya yake haɗa shi. Surukinsa, mahaifin matarsa da Malama, ya zo garin tun makon da ya wuce, ya sauka a wurin Malama. Baba tsohon soja ne, doguwar tafiya ma a miƙe yake yin ta kamar ana duba fareti, kuma shekara tara da auren bai taɓa kiran Kwamanda da wani suna ba sai Mai Fanka. Kwamanda ya je har ɗaki ya durƙusa ya ce yana so Baba ya zo ya ga yadda ake tsara yaƙi a zamanance. Baba ya juyo masa da kunnen hagu ya sa ya maimaita, sannan ya ce zai zo, dama zaman ɗakin ya ishe shi.

Ranar Asabar aka fito da teburin Tela ƙarƙashin barandar shaguna, mutum huɗu suna nishi. Kwamanda ya jera benci, ya kafa wata babbar fanka mai tsayuwa da aka kawo masa gyara, ya jona lasifika da makirufo waɗanda su ma na gyara ne. Ya sa rigar ruwa a kafaɗa kamar alkyabbar yaƙi, ya rataya maɓallan firji a ƙirji a matsayin lambobin yabo. Baba aka ba kujera mai hannu a gaba, matar Kwamanda ta zauna a gefensa da gorar ruwa.

Malama ta iso ta ga taro, ta tsaya da littafi a hannu.

"Yaya, me ake yi a nan?"

"Tarihi, ƙanwata. Zauna ki buɗe littafi."

Yana kunna fankar ta zuƙe taswirar ta manna ta a jikin ragarta. Sai da aka kashe, Tela ya ɓamɓaro ta, an rasa rabin kwari. Kwamanda ya ce dama ba a bukatar wannan ɓangaren. Lasifikar kuwa, ga mamakin kowa har da shi, ta yi aiki. Ta yi aiki fiye da kima, don ko numfashi ya yi sai an ji a ƙarshen layi.

Malama ta yi wa jama'a bayanin wasan a taƙaice, sannan ta sake maimaita gargaɗinta kalma bayan kalma, ta ƙara da cewa yau ma ƙofar kwari a buɗe take. Mai aski ya ce shi dai da shi ne da ya ji maganar malama. Kwamanda ya ce shi ya sa yake aski.

A labarin akwai 'yar kasuwa a gindin dutsen, nan Fasa-Dutse ya fara aiki. Ya ba da dawakinsu uku aka ba shi buhunan gishiri. Ya karɓi sulken azurfar maharbiya ya musanya da ƙatuwar tukunya cike da abinci. Da ya zo kan mayafin ɓarawo, Tela ya riƙe takardarsa da hannu biyu yana cewa wata shida ya yi kafin ya samo shi. Kwamanda ya juya ga jama'a ya tambaye su ko sun taɓa ganin an ci yaƙi da mayafi, aka yi dariya, Tela ya saki. Aka kai wa maƙeri mayafin ya ƙera musu allura mai tsayin mashi.

Malama ta dubi takardun ta dubi mijin yayarta. Ta ce shekararta bakwai tana jan wannan wasa, ba ta taɓa ganin wanda ya tafi yaƙi da kayan miya ba. Ta tambayi Nas ko lafiyarsa ƙalau, Nas ta ce wannan ba ɓangarenta ba ne.

Jaruman suka hau dutsen a ƙasa, kowa da buhu a ka. Malama ta sauke murya ta siffanta Tsohon Mashigi yana zaune a tsakiyar hanya, gemunsa kamar daji, numfashinsa na ture duwatsu. Wurin ya yi tsit, har matar mai gidan ta daina ɓare gyaɗa. Kwamanda ya miƙe, ya gyara rigar ruwa, ya ɗauko kwalinsa, ya ce kafin Fasa-Dutse ya kai hari zai fara karya wa abokin gaba zuciya.

"Kai Tsoho," in ji shi cikin makirufo, muryarsa na dukan bangon gidan da ke tsallake. "Asirinka ya tonu. Mun san gwiwarka ta hagu ta kumbura, ko tudu ba ka iya hawa. Mun san da ka cika ciki sai barci kamar jariri."

Malama ta ɗago kai da sauri. Ta juya littafinta ta baya, ta duba, fuskarta ta sauya.

"Yaya, tsaya. Ajiye abin nan."

"Kun gani ko? Ta rikice," ya ce wa jama'a, ya ƙara matso da makirufo. "Mun san kunnenka na dama ado ne kawai. Mun san haƙoranka na sama ba naka ba ne, aro ka yi. Kuma duk girman nan naka, da ka ga allura sai jikinka ya hau rawa."

Jama'a suka fashe da dariya, mai wankin mota har da buga benci. Mutum uku ne ba su yi ba. Malama ta rufe fuska da littafi. Matar Kwamanda ta juya a hankali tana kallon bakin mahaifinta. Baba kuwa, wanda rabonsa da jin magana tar haka tun yana bakin aiki, ya ɗora hannu a kan gwiwarsa ta hagu ya zauna kamar an dasa shi.

Kwamanda bai ga ko ɗaya ba, yana can yana hura wa ƙwayarsa iska. Ya ce Fasa-Dutse zai watsa wa dodon gishiri a fuska. Ya jefa. Ƙwayar ta yi wata irin tafiya kamar mai ɗingishi, ta tsaya cak. Ɗaya.

Malama ta sauke littafin. Idonta ya bushe, muryarta ta koma irin wadda take kiran sakamakon jarrabawa da ita. Ta ce iska ta juyo, gishirin ya koma idon Fasa-Dutse, yanzu ba ya ganin komai. Kwamanda ya ce da gangan ne, jarumin gaske da ido rufe yake faɗa. Ya ce zai sari gwiwar hagu. Ya jefa. Ɗaya.

Malama ta ce gatarin ya sauka a kan tukunyar abinci, ta fashe, Fasa-Dutse ya zame a cikin romo ya zauna. Ta ƙara da cewa har yanzu Tsohon Mashigi bai san da zuwan kowa ba, ƙafarsa yake sosawa. Sannan ta dubi sauran biyun ta ce wannan ne karo na ƙarshe da za ta ambaci kwari.

Nas ta ce maharbiyarta ta ajiye buhu ta juya. Tela ya ce ɓarawonsa ya riga ta. Suka jefa nasu ƙwayoyin, sha huɗu da sha ɗaya, suka gangara kwari ba doki ba sulke ba mayafi, amma da ransu. Kwamanda ya kira su matsorata ta lasifika. Tela ya ce ya ji, yana zuge zif ɗin jakarsa.

Gumi ya fara bin rigar ruwan. Kwamanda ya ce yanzu za a ga ainihin shirin, duk na baya share fage ne. Fasa-Dutse zai ɗauki allura ya nufi dodon. Ya girgiza ƙwayar a tafin hannu har sau goma, ya yi mata magana a kunne, ya wurga ta da ƙarfi. Ta yi tsalle a kan tebur, ta wuce taswira, ta nufi gefen da Tela ya ture kayan aikinsa, sai ta karkace hanya da kanta ta je ta manne a jikin maganaɗisun da yake tsince allurai da shi. Ƙas.

Tela ya ɗaga maganaɗisun sama. Ƙwayar na lilo a jiki tare da allurai biyar. Mai aski ya tambaya ko dama roba na kama maganaɗisu, matar mai gidan ta ce in dai ta bi ta shagon can, komai ma yana iya faruwa.

Malama ta ciro ƙwayar ta kankare fuskar ashirin da farce. Jan ya ɓare, gam ya biyo, ɗan ƙwallon ƙarfe ya faɗo ya gangara har gaban takalmin Baba. Matar Kwamanda ta ce dama tun Talata take neman jan farcenta.

"Yaya, a fuskar ashirin ka sa nauyin?" Malama ta tambaya.

Ya ce shi bai san zancen ba, amma duk wanda ya yi, a nan ya kamata ya sa.

"Abu mai nauyi ƙasa yake komawa. Idan ashirin ta kwanta a ƙasa, wadda ke bayanta ce ke kallon sama." Ta juya ƙwayar ta nuna wa jama'a. "Ɗaya ce a bayanta. Ko shekara za ka yi kana jefawa, ita za ka samu. Ban taɓa ganin wanda ya yi maguɗi don ya kayar da kansa ba."

Dariyar da aka yi har ta fito da mutanen bene na uku kan baranda. Kwamanda ya ce ƙwaya dai ta ba shi kunya, amma bayanan sirrinsa ba wanda zai ƙaryata, daga littafin mai labarin suka fito. Ya ɗaga kwalin sama. A nan ne Baba ya miƙe, a hankali saboda gwiwa, ya miƙa hannu. Kwamanda ya ba shi kwalin da hannu biyu yana jiran yabo.

Baba ya karanta daga sama har ƙasa. Ya ce wannan shi ne abin da likita ya faɗa ranar Alhamis ta makon jiya, shi yana kwance a kan gado, Malama na rubutawa. Ya ce sau uku a rana ɗin ma maganin gwiwa ne.

Kwamanda ya dubi kwalin, ya dubi gwiwar Baba, ya dubi kunnen da Baba ya juyo masa da shi. Lasifika ta kai ƙarar haɗiyar yawunsa har ƙarshen layi.

"Baba, haƙoran da gaske ne?" matar Kwamanda ta tambaya a hankali.

"Shekara goma sha ɗaya," in ji Baba. "Ko mahaifiyarku ba ta sani ba. Yanzu mai wankin mota ya sani."

Mai wankin mota ya ce shi bai ji komai ba, ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa.

Malama ta ce wasa bai ƙare ba, saura jifan Tsohon Mashigi, kuma tana ganin akwai wanda ya fi ta cancantar jefa masa. Ta miƙa wa mahaifinta tata ƙwayar. Baba ya jujjuya ta ya tambayi nawa ake bukata. Ta ce duk abin da ya wuce ɗaya. Ya sake ta a kan tebur kamar mai zubar da ɓawon gyaɗa. Uku. Malama ta ce Tsohon Mashigi ya gaji da zama a gefe ɗaya, ya gyara zama, kuma a kan Fasa-Dutse ya gyara. Ta ɗauki takardar wata goma sha huɗu ta yaga gida biyu, ta haɗa ta sake yagawa. Wani ya kunna fankar ta zuƙe gutsattsarin.

Kwamanda ya cire rigar ruwa ya durƙusa a gaban Baba, maɓallan firji na kaɗawa. Ya fara bayanin cewa a fagen yaƙi akan samu kuskuren rahoto, Baba da kansa shaida ne. Baba ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce tunda Mai Fanka ya fi kowa sanin lafiyarsa, daga jibi shi zai riƙa raka shi allurar da likita ya rubuta, 'ya'yansa mata su huta.

Ranar Litinin da safe suka isa asibitin ƙarshen layi. Kafin a kira su Kwamanda ya dawo da bakinsa. Ya gaya wa mutanen da ke kan benci cewa shi allura ko cizon sauro ba ta kai ba a wurinsa, an taɓa yi masa huɗu a tsaye yana waya. Ya ce wa Baba ya dube shi kawai, ya kwaikwayi yadda yake tsayawa.

Nas ce a bakin aiki. Ta sa Baba ya naɗe hannun riga, ta fasa kwalbar magani, ta zuƙa, ta ɗaga sirinjin sama ta ɗan matsa har ɗigo ya fito a bakin allurar. Kwamanda ya ga ɗigon yana ƙyalli. Ya ga bangon ɗakin ya karkace. Daga nan bai sake ganin komai ba.

Ya farka a kwance a kan benci, ƙafafunsa a ɗage kan kwali, rigarsa jiƙe da ruwa, mutanen layi sun zagaye shi. Baba na tsaye a kansa da auduga manne a dantse. Tun bai gama tashi zaune ba ya ce kada kowa ya yi masa mummunar fahimta, dabara ce. Ya faɗi ne da gangan don ya ɗauke hankalin Baba daga allurar.

Baba ya shafa audugar. Ya ce gaskiya ne, shi bai ma san an yi ba, yana can yana kallon yadda Mai Fanka ya tafi da tiren magani da kujera guda. Ya ce tun yana soja ba a taɓa yi masa allura mai daɗin wannan ba. Sannan ya juya ya tambayi Nas saura nawa.

"Tara, Baba. Kullum da safe."

"To ki riƙa kawar da tiren," in ji Baba. Ya dafa kafaɗar surukinsa. "Gobe ƙarfe takwas, Kwamanda. Ka zo da rigar canji."